Mafaɗaciyar kazar gida da baƙin da ke shigo mata akurki

Duk wanda ya saba ratsawa ta wajen masu kaji a kasuwar Dole ranar Alhamis, ko a kasuwar Mirya ranar Lahadi, ya ga yadda hajar wurin ta sauya. A da, abin da ake zubewa bai wuce kajinmu na gida ba, sai zabi, da tattabaru, da ƴan agwagi. Yanzu kuwa ga waɗansu ƙattin zakaru masu gashi har ƙafa da ake ce wa Brahma, ga waɗanda ƴan kasuwa ke kira Maja, ga jajayen kajin ƙwai da aka gama mora a gidajen gona, ga kuma ƴan tsaki cikin kwali waɗanda suka kwana bisa hanya daga Kano. Mai saye ya dubi girma, ya dubi launi, ya ɗaga ya ji nauyi, ya yi ciniki, ya rataya a babur. Abu guda ne ba a cika tambaya ba, alhali kuwa shi ke raba riba da asara kafin mako biyu su cika, wato halin tsuntsun da aka saya da halin waɗanda zai tarar a gida.

Maganar ba ƙarama ba ce a wannan jaha. Ƙidayar noma da kiwo da aka yi a Nijar tsakanin 2005 da 2007 ta sami tsuntsayen gida sama da miliyan 12, fiye da rabinsu kaji, kamar kashi ɗaya cikin huɗu kuma zabi, kuma kusan dukansu a tsakar gidaje suke. Galibin wannan dukiya ta mata ce da yara. Da ita ake sayen magani in yaro ya kwana da zazzaɓi, da ita ake biki, da ita ake fita kunyar baƙo. Matar da ta tara jikkunanta ta sayi zakaran waje don ta gyara iri, kashegari ta tarar da shi a bayan randa jina-jina, ba ta bukatar a yi mata bayanin cewa kaji suna da hali.

Sarauta a tsakar gida

Kalmar faɗa ɗaya ce a bakinmu, amma abin da kaji ke yi ya kasu. Akwai saran da kaza ke yi wa ƴar'uwarta a bakin kasko, wanda tsarin zamansu ne. Wani masani ɗan ƙasar Norwai mai suna Thorleif Schjelderup-Ebbe, wanda tun yana yaro yake zaune yana kallon kajin gidansu, shi ya fara rubuta wannan tsari a 1921 da 1922. Ya nuna cewa a kowane garke akwai kazar da ke saran kowa ba mai saranta, akwai mai bi mata, haka har zuwa ta ƙarshe wadda kowa ke sara. Mutumin Damagaram ba ya shan wahalar fahimtar wannan, tun da ya san fada: kowa da mazauninsa a gaban sarki, kuma rigima ba ta tashi sai ranar da wani ya zauna inda ba nasa ba. Kaji suna gane juna ta kai da zanko. Muddin kowace ta san matsayinta, ɗaga wuya kawai ya isa ta ƙasa ta kauce. Ranar da aka jefa baƙuwa cikin garke, ko aka yanka ta sama, ranar ce ake sabon lale, a yi kwanaki ana sare-sare har kowa ya sake sanin wurinsa.

Zakaru ma da nasu jerin. A 2015 masana a jami'ar Nagoya ta ƙasar Japan sun tabbatar da cewa in zakaru suna zaune tare, babbansu ke fara cara da asuba, sauran su bi baya bisa matsayi, kuma in aka ɗauke shi na biyu ya gaji aikin. Wanda ya taɓa kwana a ƙauye ya ji wannan da kunnensa, sai dai bai sa masa suna ba.

Daga ina zafin zakara yake fitowa? Tun a 1849 wani likita Bajamushe, Arnold Berthold, ya gwada a garin Gotingen. Ya fiɗiye ƴan zakaru, sai ya ga zankonsu ya tsuke, sun bar cara, sun bar faɗa, sun bar bin kaji. Da ya mayar wa waɗansu da ƴaƴan marainan a cikin ciki, sai zanko ya miƙe, faɗa ya dawo. Wannan gwaji na cikin abubuwan da suka buɗe wa likitoci ilimin sinadaran da jini ke ɗauka. Abin lura ga mai kiwo shi ne, ɗan zakaran da ke bin yara yana ci a hannunsu yakan juye a wajen wata na biyar zuwa na shida, lokacin da ya balaga. Ba wanda ya ɓata shi, jininsa ne ya motsa.

Uwar ƴan tsaki

Sai faɗan uwa, wanda a ganinmu shi ne mafi daraja cikin dukan halayen kazar gida, kuma shi ne aka fi zagi. Kazar Hausa ba ta da girma, da ƙyar take wuce kilo guda. Takan zuba ƙwai 10 zuwa 15, ta hau kwanci, ta yi kwana 21 ba ta tashi sai ta sha ruwa ta ɗan tsattsaga ta koma, sa'an nan ta fito da ƴaƴanta. Sau 3 ko 4 take haka a shekara. Daga ranar da ta ƙyanƙyashe ta zama wata halitta dabam: ta kumbura, ta saki fukafukai, ta tasam ma kyanwa, ta tasam ma akuya, ta tasam ma mai gidan da ke ba ta tsaki. Hausawa sun ce kaza mai ƴaƴa ita ke tsoron shirwa, amma tsoron nata na aiki ne. Masu binciken kukan kaji sun gano cewa kukan da suke yi in haɗari ya taho daga sama dabam yake da wanda suke yi in ya taho ta ƙasa. Da jin na farko ƴan tsaki sai su ruga ƙarƙashin rumbu ko su lafe, da jin na biyu sai su miƙe wuya suna dube-dube. A unguwa kamar Birni, inda duwatsu suka ba muzuru da gafiya maɓoya, ko a garin da ke bakin daji inda shaho da tunku ke kai kawo, ɗan tsakon da ba shi da irin wannan uwa kwanansa ƙidayayye ne.

A ƙasarmu kuma aikinta bai tsaya ga ƴaƴanta ba. Zabuwa tana zuba ƙwai da yawa da damina, amma ba a dogara da ita wajen kwanci da reno: ta yi sheƙa a cikin gona inda kare da maciji za su same ta, in ta ƙyanƙyashe kuma ta ja ƴaƴan cikin raɓa su mutu. Saboda haka manoman Magarya, da Matamai, da Kance, da Dungas suke ɗebe ƙwan zabi su sa wa kaza, ta yi musu kwana 26 zuwa 28, wato ƙarin mako guda bisa nata, ba ta gaji ta tashi ba. Zabin da ake lodawa a kai birni da Najeriya, mafi yawansu ƴaƴan riƙon wannan mafaɗaciya ne. Wanda ya rabu da ita don ta cika masifa, ya rabu da zabinsa bai sani ba.

Kajin gidan ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai durgu mai gajerun ƙafafu, wadda ba ta nisa da gida, mata kuma suna yaba kwancinta. Akwai shazumama mai murɗaɗɗen gashi, akwai mai tsiraicin wuya wadda waɗansu ke ce wa fingi, su biyun sun fi sauran jure zafi domin jikinsu yana shan iska. Akwai kazar Fulani mai tsawo da ta saba da rayuwar ruga. A can Gaya, yammacin ƙasa, akwai babbar kazar da ake kira Kolonto. Game da launi kuwa, za ka ji ana cewa jan zakara ya fi zafi, fari ya fi sanyi. Mu dai mun ɗauki wannan a matsayin zancen kasuwa. Launi yana da tasiri ga farashi, musamman wajen masu neman jan zakara ko baƙar kaza don sadaka ko don abin da boka ya umarce su, amma gashi ba ya sara.

Baƙin da halayensu

Asalin kaza duka ɗaya ne, wato wata kazar daji ja da har yanzu take cikin dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya. Daga can ta bazu, ta iso Afirka ta Yamma fiye da shekara dubu da suka wuce, kamar yadda ƙasusuwan da aka tono a Jenne ta ƙasar Mali da Kirikongo ta Burkina Faso suka nuna. Amma kowace al'umma ta zaɓi abin da take so ta ƙarfafa shi. A Indiya da Pakistan an yi ɗaruruwan shekaru ana zaɓen kazar Asil don faɗa, har ta kai ƴan tsakinta suna kokawa tun ba su yi gashi ba, zakarunta biyu kuma ba su zama wuri guda sai ɗaya ya mutu. Haka Shamo ta Japan. Abin mamaki, waɗannan mayaƙa sukan yi sanyi a hannun mutum, domin masu su ba su haifar da iri daga zakaran da ke saran ubangidansa. Wannan ya nuna cewa faɗa da ɗan'uwa da faɗa da mutum hali biyu ne, kowane da gadonsa. Ingila ta hana haɗa zakaru faɗa tun 1835. Mu kuwa malamanmu sun daɗe da karantar da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zuga dabbobi su yi faɗa, kamar yadda ya hana zagin zakara saboda yana tayar da mutane salla. Samarin da ke ɗaukar zakarun iyayensu mata su haɗa a bayan gari suna ihu, a tuna musu.

Brahma, wadda ta zama abin yayi a gidajen ma'aikata da ƴan kasuwa, a Amurka aka gyara irinta wajen 1850 daga manyan kajin da jiragen ruwa suka kawo daga Shangai ta ƙasar Sin. A 1852 wani mai kiwo ya aika wa Sarauniya Biktoriya ta Ingila guda 9, daga nan farashinta ya haukace, ke nan ba yau aka fara sayen ta da tsada ba. Zakaranta yakan kai kilo 5, amma duk da wannan jiki saliha ce: ba ta tashi sama, ba ta gudun mutum, yaro yana iya rungumar ta. To, wannan salihanci shi ne matsalarta a tsakar gidanmu. Zakaran gida mai kilo ɗaya da rabi ya fi ta sauri nesa ba kusa ba, ya yi tsalle ya sa mata ƙaimi sau uku kafin ta juya. Ga kuma gashin da aka yi don ƙasar sanyi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Zinder ke wuce digiri 40, za ka gan ta baki buɗe, fukafukai a sake, ba ta iya kare kanta balle ta yi takarar abinci. In ta hau kwanci kuma nauyinta yakan fasa ƙwai ko ya danne ƴan tsaki. Wanda ke son ta ya yi mata wurinta dabam mai inuwa, ya kuma lissafa ruwan da za ta sha a garin da kowa ya san yadda ake neman ruwa da bazara.

Kajin da ake kira Maja, da Noiler wadda wani kamfanin ƙyanƙyasa na jahar Oyo ta Najeriya ya fitar, ruwa biyu ne, an yi su don nama da ƙwai tare. Suna da sauƙin kai, suna da ci, suna saurin girma. Da yake a injin aka ƙyanƙyashe su, ba su tashi da uwa ba, ba su iya kauce wa shaho kamar ƴaƴan gida. Zakarunsu in sun balaga sukan yi wa ƙananan kajinmu nauyi wajen barbara, su fige musu baya har fata ta tsage. Farar Leghorn, wadda sunanta ya fito daga tashar jirgin ruwa ta Liborno a Italiya, ita kuma matsoraciya ce mai firgita: ƙofa ta buga, garke duka ya tashi sama. Jajayen kajin ƙwai irin su ISA Brown, da Shika Brown wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta samar, suna iya ba da ƙwai kusan 300 a shekara in abinci ya wadata. Amma an cire musu son kwanci da gangan, domin kazar da ke kwanci ba ta zuba ƙwai. Sai ta ajiye ƙwai ta wuce abinta kamar ba ita ta yi ba.

Darasin zakaran gwamnati

Dattawa suna tune da zamanin da ma'aikatar kiwo, ta hanyar gidajen kaji na gwamnati kamar na Mirya, da Maradi, da Gudel a Yamai, take rarraba zakarun Turai a ƙauyuka don gyaran iri. Jan zakaran nan na Rhode Island shi aka fi bayarwa. Ƙasashen Afirka da dama sun yi irin wannan shiri, har da Najeriya, kuma sharaɗin kusan ɗaya ne ko'ina: a kawar da zakarun gida, baƙon ya zauna shi kaɗai. A takarda dabara ce mai kyau. A ƙasa kuwa, in kin yanka naki, maƙwabciyarki ba ta yanka nata ba, kuma zakara bai san darni ba. Baƙon da aka rena a cikin keji yana cin abin da aka zuba masa, sai ga shi a fili gaban ɗan gari wanda ya tashi cikin kokawa. Ba wai Rhode Island rago ba ne, a ƙasarsa ma an san zakarunsa da tsokana har ga mutane. Amma zafi, da yunwar rani, da cututtukan da jininsa bai sani ba sukan karya shi kafin ya kafa mulki. Inda ya rayu ya haihu kuma, ƴaƴansa mata sun fi uwayensu girma da ƙwai, sai dai kwancinsu ya ragu, ga shi ƙauye ba injin ƙyanƙyasa. Bayan ƴan shekaru jinin gida ya sake rinjaye. Furoje-furojen da ke rabon kaji a ƙauyukanmu, da sun zauna da tsofaffin matan da suka ga wancan zamani, da sun rage asarar kuɗi.

Mu kanmu muna zaɓen iri ba tare da mun lura ba, kuma sau da yawa zaɓen tumun dare ne. Baƙo ya zo, wane zakara ake kamawa? Wanda ya fi sauƙin kamu. Bukata ta taso, wane ake kaiwa kasuwa? Wanda ya fi girma, don ya fi kuɗi. Wa ya rage ya haifi na baɗi? Ƙaramin nan mai gudun tsiya da ba wanda ya iya cim masa. Shekara da shekaru ana haka, sa'an nan a ce kajin Hausa ba su girma kuma ba su da natsuwa. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, gaskiya ne, amma wanda ya saba da mutane ya kuma yi jiki, shi ya kamata a bari ya yi iri.

Nagarin zakara yana da alamu. In ya tsinci abinci yakan yi wani ɗan kira yana ɗagawa yana ajewa har kaji su zo su ci. Yakan tsaya kai sama lokacin da suke tono. Yakan shiga tsakani in biyu sun kaure. Irin wannan ko ya kori zakaran maƙwabta ba laifi. Wanda ba a yi wa uzuri shi ne mai tasam ma mutane. Ƙaiminsa tsini ne mai datti da ke huda nama ya zurfafa, kuma tsayin tsallensa daidai yake da fuskar yaro mai rarrafe ko mai tatata. Raunin yakan yi ruwa, in a ido ne kuwa ba a mayar da shi. Ana iya rage tsinin ƙaimin da magagari, a dushe bakinsa kawai ba tare da an kai ga jini ba. Amma zakaran da ya sari yaro sau ɗaya zai sake, kuma ƴaƴansa suna iya gadonsa. A nan ba mu da wata shawara sai tukunya.

In garke ya koma cin kansa

Akwai wani nau'in sara da ya bambanta da duk waɗannan, shi ne wanda ke cinye jarin matasan da suka shiga kiwon zamani a Sabon Gari da sauran sababbin unguwanni. Kaji su dinga figar gashin juna, su ga jini, su taru a kan mai raunin, wani lokaci su sari duburar mai zuba ƙwai har hanji ya fito. Mai kajin yakan ce an sayar masa da mugun iri. Iri yana da hannu, amma mafi yawa laifin ɗaki ne. Kazar da ke yawo tana cinye mafi yawan yininta wajen tono da tsattsaga. In aka kulle ta a ɗakin kwano mai zafi, cikin cunkoso, da fitila har safe, da dusa zalla ba abin gina jiki, bakin nan da aka halitta don aiki sai ya nemi abin yi, kuma abin da ke kusa shi ne bayan ƴar'uwarta. Maganinsa yana hannu: a rage yawansu, a buɗe tagogi, a rage haske, a ƙara kasko da mazubin ruwa yadda ta ƙasa za ta ci ba sai ta ratsa gaban ta sama ba. A rataya musu ganyen zogale ko na rama su yi ta ja, a watsa tsaki cikin ƙaiƙayi su yi ta tono, a haɗa musu da ƙuli-ƙuli, ko garin kifi, ko fara, ko garar da yara ke tarawa da tukunya. Wadda ta ji rauni a fitar da ita nan take, don jan jini yana kiran baki. Yanke tsinin baki da gidajen gona ke yi yana rage ɓarna, amma aiki ne na wanda ya koya, kuma kazar da aka yi wa shi ba ta ƙara iya kiwon kanta a fili yadda ya kamata. Masu sayen tsofaffin kajin ƙwai su sake su cikin na gida su lura da wannan.

Wani bincike daga Amurka ya cancanci a ba da labarinsa. William Muir na jami'ar Purdue ya lura cewa in ana zaɓen kazar da ta fi kowa ƙwai ita kaɗai, sau da yawa azzalumar keji ake zaɓa, wadda ta yi ƙwai da yawa domin ta hana sauran ci. Sai ya sauya dabara, ya dinga zaɓen kejin da jimillar ƙwansa ta fi yawa, ya haifar da iri daga dukan ƴan kejin. A sakamakon da ya buga a 1996, mace-macen shekara ya sauko daga kashi 68 cikin ɗari a zuriya ta biyu zuwa ƙasa da kashi 9 a zuriya ta shida, ƙwan da ake samu bisa kowace kazar da aka zuba kuma ya tashi daga 91 zuwa 237. Ke nan zaman lafiyar garke abu ne da ake gada, ana kuma iya zaɓensa. Macen da ke lura da wace kaza ce ƴaƴanta ke rayuwa, ta ajiye ƴaƴan wannan, aikin Muir take yi ba tare da takarda ba.

Shigar da baƙo

Saura yadda ake haɗa sabo da tsoho. Kuskuren da aka fi yi shi ne a dawo daga kasuwa da rana tsaka a kwance igiya a saki tsuntsu a tsakar gida. Zakara a rataye ba ya cara: wanda ya yini a ɗaure kai ƙasa, ƙafafu sun sage, ƙishirwa ta kama shi, ba ya iya tsayawa gaban kowa. A kife shi da kwando ko a sa shi a akurki dabam na mako biyu. Kwanakin farko nesa da garke, daga baya a matso da shi inda za su ga juna ba su taɓa juna ba, sa'an nan a haɗa su da dare lokacin da suka hau makwanci. Baƙi biyu sun fi ɗaya sauƙin shiga, domin saran yakan rabu. Zakara guda ya isa kaji 10. Gidan da ke da kaji 6 da zakaru 4, kamar yadda ake gani bayan ƴan tsakin damina sun girma, kajin ne ke shan wahala, ƙwai ya ragu, maƙwabta kuma su rasa barci.

Makon nan biyu na keɓewa yana da wani amfani da ya fi na faɗa. Jaharmu ce ta fara ganin murar tsuntsaye a Nijar, a watan Fabrairu na 2006, a Magarya, ƴan makonni bayan ta ɓulla a wata gona ta jahar Kaduna, kuma mutanen wurin ba su manta da kajin da aka hallaka ba. Ciwon Niyukasul kuwa kowace shekara yana zuwa da hunturu ya share akurki, kuma sau da yawa da ƙafar tsuntsun kasuwa yake shigowa, tun da mai kaji in ya ga sun fara gyangyaɗi kasuwa yake rugawa da su. Kazar da ta yi sanyi ƙwarai a hannun dillali, ba ta motsi ba ta kuka, kada a ɗauke ta saliha, a buɗe bakinta a dubi idonta da gindinta. Allurar rigakafin Niyukasul tana samuwa wajen mushen dabbobi da mataimakansa na ƙauyuka, kuɗinta bai kai na ƙwai biyu ba, kuma lokacin yinta shi ne bayan girbi, kafin iskar ɗari ta taso.